Dogon hutu ya zo, kuɗin tafiya babu: ina zan kai yarana a Bauchi?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a Fadaman Mada cikin garin Bauchi. Babbar mace ce mai shekara 13, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 10, sai mai 7, sai auta mai 3. Maigidana ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, ni kuma ina ɗinki a gida. An ba da dogon hutu, 'ya'yan yayar maigidana za a kai su Abuja, na maƙwabta wasu Kano wasu Jos. Nawa kullum tambayarsu ɗaya: "Mama, mu ina za mu?" Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bara da aka koma makaranta malami ya ce kowa ya rubuta yadda ya yi hutunsa, sai na tarar a littafin ɗan nawa ya rubuta wai ya je Abuja har ya hau jirgin ƙasa, alhali ko Dass ba mu leƙa ba. Ranar na yi kuka. Da na yi wa babansu maganar fita da su, sai ya ce shi da yana yaro gona ake kai shi, kuma yanzu ta abinci ake yi. Yaran wuni suke yi a kan wayata, ko talabijin in an kawo wuta, ko faɗa da juna. Ina tunanin in ci bashi, ko in kwashe adashina, in kai su Yankari ni kaɗai. Me kike gani?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka.

Da yaron nan mai shekara 10 zan fara, domin na lura shi ne ya sa kika rubuto. Abin da ya rubuta ƙarya ce, ba za mu sake mata suna ba, amma ba irin wadda ake zaro bulala a kanta ba ce. An ajiye masa takarda an ce ya ba da labarin hutu. Ya leƙa littafin na kusa da shi ya ga Kano, ya leƙa na ɗaya gefen ya ga Abuja, ya laluba cikin ransa bai sami abin da yake ganin ya isa a faɗa ba. Kunya ce ta riƙe masa biro. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban 'yan'uwansa ba, ki gaya masa kin ga abin da ya rubuta, kin gane dalilinsa, ba ki ji daɗi ba, kuma bana za ku nemo abin gaskiya da zai rubuta har takarda ta kasa masa. Ina roƙonki kada ki sake bari ya ga hawayenki a kan wannan magana. Yaro idan ya ga uwarsa tana kuka saboda rashi, sai ya ɗauki nauyin ya ɗora wa kansa, daga nan ya daina gaya miki abin da yake so.

Su duka ukun manyan sun isa a gaya musu gaskiya a taƙaice: bana babu kuɗin Abuja, kuɗin da ke akwai na abinci ne da na makaranta, amma kowane mako za a fita. Yara suna ɗaukar gaskiya fiye da yadda muke zato. Abin da ba sa yafewa da wuri shi ne alkawarin da aka yi musu don a rufe musu baki, aka kuma saɓa.

Maganar bashi kuwa, a'a. Kada ki ci, kada kuma ki taɓa adashin. Satumba tana nan tafe da kuɗin makaranta, da littattafai, da yunifom ɗin da ya yi wa wani kaɗan, da takalmin da ya tsinke. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kin san yadda kuɗin mota ya koma. Adashin mai ɗinki jarinta ne, shi ne zare da shafi da gyaran keke. Idan kika ƙone shi a wuni ɗaya, yaran za su yi murnar kwana biyu, ke kuma ki yi wata uku kina kauce wa mai bin ki, kuma a fuskarki za su riƙa karanta hakan.

Akwai wani dalilin da ya sa nake hana ki Yankari yanzu, kuma ba na kuɗi ba ne. Dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa, Agusta kuwa shi ne watan da ruwa ya fi sauka. A wannan lokaci ciyawa ta yi tsawo, ganye ya rufe, ruwa ya kwanta ko'ina a cikin dajin, don haka dabbobi ba su da dalilin taruwa wuri ɗaya. Dajin yana da faɗin murabba'in kilomita 2,244. Giwa da ɓauna da gwanki suna iya bazuwa ciki a yi ta yawo da ku a mota ku dawo da labarin birai kawai. Da rani abin yake juyawa: tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, komai sai ya gangaro Kogin Gaji shan ruwa, nan ne ake ganinsu. Wanda yake son yaransa su ga namun daji da idonsu, hutun Disamba ya fi masa na Agusta, na wajen Afrilu ma ya fi, in za a iya jure zafi. Ga nisa kuma. Za ku bi hanyar Gombe har Dindima, ku karya ku yi kusan kilomita 29 zuwa ƙofar shiga a Mainamaji, daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, kuma akwai wasu kilomita 42. Duka ya haura kilomita 100. Mace ɗaya da yara huɗu, ɗaya ɗan shekara 3, a motar haya, cikin damina: ban goyi bayan wannan ba.

Amma kada a soke Yankari, a ɗaga ta. Abin takaici ne a ce tun 1962 aka buɗe wurin nan ga jama'a, mutane suna tasowa daga Legas har daga ƙasashen Turai su zo, ɗan Bauchi kuma ya girma bai taɓa sa ƙafarsa a ruwan Wikki ba. Ki samo asusu, ko gwangwanin madara a huda masa baki, a rubuta Yankari a jikinsa, a ajiye inda kowa zai gani. Duk ɗinkin da kika karɓi kuɗinsa ki jefa wani abu a gaban idonsu, su ma abin da kawu ko gwaggo ta ba su su jefa rabi. Ki ba babbar littafi ta riƙa rubuta abin da ya shiga. Kafin Disamba a nemi gida biyu ko uku a haɗa kuɗin bas guda, a tambayi kuɗin shiga da na zagayen daji tun kafin ranar domin suna canzawa, a dafa abinci daga gida. In ranar ta zo ki tuna abu biyu. Ruwan Wikki garau yake, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma garau ɗin nan yana ruɗin ido: wajen da yake ɓuɓɓugowa a gindin dutse zurfinsa ya kusan mita 2, saboda haka yara can ƙasa inda bai da zurfi za su tsaya, babba yana cikin ruwan tare da su. Na biyu, gwaggon biri na sansanin ba ya tsoron mutum, yana fizge leda daga hannun yaro, har ɗaki yana shiga in an bar ƙofa. Kada a bar ƙaramin da abinci a hannu, kada kuma a yi musu tayi.

Yanzu maigida. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: rabin maganarsa gaskiya ce. Ta abinci ake yi, kuma mutumin da albashi ke ƙare masa kafin tsakiyar wata, idan aka ce masa "fita da yara" abin da kunnensa ke ji shi ne "kawo kuɗi", sai ya tsare gida da faɗa don kada a ga gazawarsa. Inda ban bi shi ba shi ne zaton da yake yi cewa tun da babu kuɗi babu abin da ya rage masa ya bayar. Ki duba amsar tasa da kyau. Ya ce gona ake kai shi. Wa yake kai shi? Babansa ne ko kakansa, a ƙafa ko a bayan keke, suna tafe ana nuna masa wannan gero ne wannan dawa ce, wannan kukan tsuntsu kaza ne, waccan gonar gidan wane ce. Fitar da kike nema wa yaranki ke nan, shi an yi masa, nasa ne ba su samu ba.

Don haka kada ki tare shi da maganar Abuja ko ta 'ya'yan yayarsa, wannan ƙofar faɗa ce. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce masa: "Baban yara, ba kuɗi nake nema ba. Safiyar Asabar ɗaya nake roƙo a kowane mako, ka riƙe hannunsu ka nuna musu garin nan." Ki nuna masa littafin yaron, a hankali, ba da sigar tuhuma ba. Da wuya uba ya karanta wannan shafin ya kwana bai yi tunani ba. Kuma duk fitar da za ki yi da su ke kaɗai, da saninsa da yardarsa za a yi. Kwashe adashi a tafi Yankari a bayan idonsa zai jawo rigimar da za ta shafe duk daɗin da aka ji.

To ina za a je? Wurin farko a wajena kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, can wajen Ƙofar Ran. Keke Napep ɗaya ya ishe ku. Nakan ji ciwo in na tambayi matashin da aka haifa a Bauchi ya ce bai taɓa shiga ba, ga shi kullum yana wucewa ta gabansa. Kafin ku tafi ki nemo takardar naira 5 ki ba su su kalli fuskar da ke jiki, ki ba su labarinsa daidai hankalinsu: an haife shi a 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya dawo nan Bauchi ya yi aikin koyarwa, ya zama Firayim Minista a 1957, shi ne ya karɓi 'yancin Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Ginin da aka buɗe a 1979 shi kansa darasi ne. Ana shiga ta wani dogon lungu mai duhu, haske yana ɗan ratsowa, ana ta hawa har a ɓulla fili inda babu rufi sai sararin sama, kabarin yana nan a tsakiya babu wani ƙawa. Duhun yana nuni da zamanin mulkin mallaka, hasken kuma 'yanci. Ki riƙe hannun autan a lungun don zai iya tsorata, manyan kuwa ki bar su su tambayi mai zagayawa da baƙi da bakinsu. Akwai ɓangaren da aka ajiye hotuna da kayan da ya yi amfani da su. Ki sa su lura da ƙanƙantar abin da mutumin da ya riƙe ƙasa gaba ɗaya ya bari. A yi masa addu'a a fito. Idan a gidanku ba a so mata su shiga wajen kabari, babansu ya shiga da su, ke ki jira a ɗakin hotunan.

Wata Asabar ɗin ta ƙofofin gari ce. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya karɓo tuta, shi ya kafa garin nan wajen 1809 ya kewaye shi da ganuwa. Sunayen da yaranki ke ji a bakin masu Keke kullum, Wunti, Nassarawa, Jahun, Ran, Wambai, Dumi, Tirwun, yawancinsu ba su san sunayen ƙofofi ba ne. A zaɓi biyu ko uku a rana, a tsaya, a tambayi dattijon da ke zaune a wurin ina ganuwar ta bi da, wace hanya ce ke fita ta nan, su wa ke shigowa da kaya. Dattawan cikin gari suna jin daɗin irin wannan tambaya, sai dai a koya wa yaran su durƙusa su gaishe su kafin su buɗe baki. Ranar Juma'a kuma babansu ya tafi da su babban masallaci na ƙofar fada, su ga fitowar Mai Martaba, su ga dogarai da jajayen kayansu, su ji algaita. Tun da jirgin ƙasa ne ya shiga ran ɗanki, a kai shi tsohuwar tashar jirgi ya taka layin dogo da ƙafarsa, a gaya masa wannan layin daga Kuru kusa da Jos ya taso, ya ratsa Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. A unguwar ba za a rasa tsohon ma'aikacin reluwe da zai ba shi labarin zamanin da jirgi ke ɗaukar gyaɗa da fasinja ba.

Kasuwa ma wurin zuwa ce in an je da niyyar kallo. Ki kai su kasuwar Muda Lawal da sassafe lokacin da ake sauke kayan gwari, ki ba mai 10 da mai 7 kuɗin cefane kaɗan su yi ciniki da kansu su kawo canji daidai. Ku biya ta wajen maƙera su ga yadda ake zuga wuta a mayar da ƙarfe fartanya, ku tsaya wajen masu ɗinkin hula da dukawa. A hanyar dawowa a zauna a ci masa da miyar taushe mai zafi. Baƙi daga wasu jihohi har guzurin masar Bauchi suke yi, to a bar yaro ya san garinsu yana da abin da ake marmari. A kasuwa dai hannu cikin hannu, kuma kowane yaro ya haddace lambar wayarki ko ta babansa, ƙaramin a rubuta masa a takarda a sa a aljihu.

Sai gona, wadda nake ganin ita za ta fi zama a ransu. Idan maigida yana da ɗan fegi a bayan gari, ko wani ɗan'uwa yana da shi ta wajen Inkil ko Tirwun ko hanyar Dass, yanzu ne lokacinta. Ƙasa ta yi kore shar, masara ta fara nuna, duwatsun da suka kewaye garin sun wanku. A ba kowane yaro kunya ɗaya a ce tasa ce, ya cire mata ciyawa. A hura wuta a gasa masarar da suka karya da hannunsu. A nuna musu tafasa da rama da yakuwa a inda suke fitowa, domin da yawa daga yaran birni a cikin kwano kawai suka san su. In kakanni suna ƙauye, kwana uku a wajensu ya fi duk abin da na lissafa, ga zumunci ga lada.

Tun da na kai ku bayan gari, dole in tsaya a kan haɗarin damina, kuma a nan ba na sassautawa. Madatsar ruwa ta Gubi, inda ruwan famfon garin ke fitowa, tana da kyan kallo kuma ba ta da nisa. Ya dace yaro ya san daga ina ruwan da yake sha yake zuwa. Amma kallo ne daga tudu, ba wanka, ba wasa a baki, ba shiga kwalekwale babu rigar ruwa. Haka kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini suka cika da ruwa a unguwanni. Kowace damina sai sun ci yara, kuma yaron da ruwa ke ci ba ya samun bakin ihu, shiru yake nutsewa. Wanda ya tsira daga wannan kuma ga tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan kwance take girma, ta fito ta huda fatar mai wanka, bayan makonni a ga jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu cewa alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ciwo ne, yana lalata mafitsara in an bar shi, kuma asibiti suna da maganinsa. Ki gaya wa mai shekara 10 wannan ƙarara, domin shi abokai za su ja.

Hawan dutse ma da safe ake yinsa, a ƙaramin dutse, tare da babba. Da zarar hadari ya haɗu a sauko, kada a fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili saboda tsawa, kada a tsallaka rafin da ke gudu ko da a idon sawu yake. A gona kowa ya sa takalmi rufaffe, kada a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. In tsautsayi ya sa maciji ya yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau: a hana yaron motsi a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Ruwan sha daga gida za a ɗauka a gora, saboda damina lokacin amai da gudawa ne. A dawo kafin magariba, a kwana cikin gidan sauro. Shi kuma auta, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata a damina, kada tafiya ƙauye ta sa ya tsallake zagaye.

Idan Allah ya hore ɗan abin da ya fi kuɗin Keke, akwai tafiya ɗaya matsakaiciya da za a yi a wuni a dawo. Kafin Madaki tana kan hanyar Ningi, ba ta kai awa ɗaya a mota ba. A can ne ginin Babban Gwani yake, wanda Muhammadu Durugu, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, ya yi wa Madakin Bauchi wajen 1860, da ƙasa da azara, kuma tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Yaron da ya ɗaga kai ya ga bakan gizon rufin nan zai san kakanninsa sun iya gini tun kafin siminti. A ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda Kafin Madaki take, nan ne kuma gandun dajin Sumu yake, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga ƙasar Namibiya a 2006. Kafin a ɗaura niyya maigida ya tambayi wanda ya je kwanan nan halin da hanya da wurin suke ciki, a tafi da safe cikin ayari, a juyo da la'asar.

Sauran kwanakin mako a gida za a yi su, kuma su ne masu yawa. A nan ba sai na tsawaita ba, kin fi ni sanin gidanki. Waya a sa mata lokaci, bayan an dawo Islamiyya an yi aikin gida, kuma a gabanki. Hana ta gaba ɗaya ba tare da an ba su wani abin yi ba faɗa kawai zai ƙara. Ki cika tsofaffin buhuna ko bokitai da ƙasa kowa ya shuka nasa: wake ba ya kai mako bai tsiro ba, alayyafo kuma kafin a koma makaranta an ci miyarsa. Babansu ya haƙa musu gurbin dara ya koya musu, ke ki koya wa matan carafke da 'yar gala-gala, mazan su yi langa a tsakar gida, su ƙera motar kara. Daren da aka ɗauke wuta a shimfiɗa tabarma a yi "ga ta nan, ga ta nanku", a kira 'ya'yan maƙwabta da ba su yi tafiya ba, don ba ku kaɗai ba ne a layin, ko da yake waɗanda suka tafi ne ake jin labarinsu.

Ki sayi littafin rubutu mai arha guda uku. Duk ranar da aka fita, da daddare kowa ya rubuta abin da ya gani da abin da aka gaya masa, mai 7 ya zana in rubutun bai kai ba, a manna ganye ko tikitin shiga. Kada ki mayar da shi jarrabawa, kada ki bi da jan biro. Ki sa su karanta wa babansu da ƙarfi.

Babbar kuma a kula da ita daban. A shekara 13 ba za ta yi tsallen murna don an gasa masara ba, kuma ita ce aka fi mayarwa mai reno a irin wannan fita, ta wuni da goyo kowa yana wasa. Kada hutunta ya ƙare a haka. Ki ba ta riƙon kuɗin fita da tsara inda za a je, ki zaunar da ita a kan keken ɗinkinki ta ɗinka wa kanta siket ko jakar makaranta daga yanka har kalmasa, kuma sau ɗaya ku fita ku biyu kawai, ko gidan ƙawarki ne ko sayen yadi. A irin wannan tafiyar ce 'ya mace take faɗa wa uwarta abin da ba ta faɗa a gaban ƙanne.

Ranar da 'ya'yan gwaggonsu suka dawo daga Abuja da hotuna da tsaraba, za ki ga fuskar naki ta ɗan canza. Kada ki kushe tafiyar waɗancan don ki faranta musu, wannan hassada yake koyarwa. A je a yi musu sannu da zuwa, a saurari labarinsu, a yi musu murna, sannan naki su ba da nasu, su gayyace su gona ko kabarin Tafawa Ɓalewa Asabar mai zuwa, su ne 'yan jagora.

A daren yau ki yi magana da maigida. In ya amince, wannan Asabar ɗin ku fara da Ƙofar Ran, ku fita da wuri kafin hadarin yamma. In bai amince da zuwa da kansa ba a karon farko, ki nemi izininsa ki tafi da su tare da ƙaninki ko wata 'yar'uwa, su dawo su karanta masa abin da suka rubuta, sai ki sake roƙonsa mako mai zuwa. Allah ya buɗa muku, ya tsare su daga sharrin ruwa da na hanya.